Ƙaryar da Ta Kai Wendell Filin Jirgi

Shekara goma sha huɗu na yi a tsugune. Aikina ke nan: ni ne mai cafe ƙwallo a wasan besbol, wanda yake tsugunawa a bayan mai bugu yana nuna wa mai jifa da yatsu irin jifan da zai yi. Sunana Lonnie Varga, kuma in ba ka taɓa jin sunan ba, ba laifinka ba ne. Duk shekarun nan a ƙananan lig, wato gasannin ƙananan ƙungiyoyi, na cinye su, daga wannan gari zuwa wancan a cikin bas mai warin safa, ban taɓa taka filin babban lig ba ko na minti ɗaya. Cafiya kam na iya ta ko da ido a rufe. Bugu ne ya kashe ni. Wani kocinmu ya taɓa cewa in na riƙe sanda sai ka ce tsohuwa ce take korar kaji.

Abin da ya hana ƙungiya sallamata shi ne na iya renon sababbi. In sun ɗauko matashin da suke wa kallon gobe, sai su haɗa shi da ni in koya masa sana'a, ya hau mataki in bi shi, ya sake hawa in sake bin sa, har ya kai inda ni ba na kaiwa. Daga nan in juyo ƙasa in ɗauki wani. Ban ce abin bai taɓa yi mini ciwo ba. Amma ina da abin da nake rage zafi da shi, wato tsokana. Duk ƙungiyar da na zauna, kowa sai ya zazzage takalminsa kafin ya sa.

A Montana aka kawo mini Wendell Purdy, kai tsaye daga jami'a, ɗan shekara ashirin da biyu. Mutumin Oklahoma ne, ubansa makanikin tarakta. Ya shigo ɗakin sauya kaya da wando a goge da ɗan littafi a aljihu, yana ce wa kowa yallaɓai, har da mai wanke mana riguna. Da aka tambaye shi abin da ya karanta ya ce ilimin ƙasar noma, nan take muka raɗa masa Ɗan Jami'a. Shi ma mai cafiya ne kamar ni. Sai dai ranar da na ga ya riƙe sanda ya bugi ƙwallo ta tsallake katanga ta faɗa gonar wani, na san ba zan daɗe ina gabansa ba.

Matsalarsa ɗaya: duk abin da babba ya faɗa masa gaskiya ne. Kai, irin wannan mutum ai Allah ne ya kawo mini shi. Ranar wasansa na farko na ja shi gefe na ce al'ada ce sabon mai cafiya ya wanke farar robar nan da mai bugu yake tsayawa a gefenta, da buroshin goge bakinsa, a gaban jama'a, don girmama alƙalin wasa. Ya rubuta a littafinsa. Mutum ɗari takwas suna kallo ya durƙusa ya dirje ta tas, har da zuba ruwa daga kwalba. Alƙalin wasa ya tsaya yana kallonsa, can ya ce masa in ya gama akwai motarsa a waje. Da Wendell ya gane, kunnuwansa suka yi ja, ya yi dariya tare da mu, sannan ya bugi ƙwallo biyu suka tsallake katanga a wannan wasan.

Akwai kuma al'adarmu ta ƙarin girma, wadda ba ni na ƙirƙira ba, na dai ƙware a kanta. Ba a gaya wa ɗan wasa kai tsaye cewa ya hau mataki. Koci zai kira shi ofis, ya ɗaure fuska, ya tsorata shi sosai, sannan ya saki labarin. Da lokacin Wendell ya yi, na samo wani ɗan sanda abokina ya zo da kakinsa ya ce tsohuwar da ta ba Wendell ɗaki ta kai ƙara, an cinye mata kek ɗin tuffa da ta gasa don coci. Gaskiya an cinye, amma ni na cinye. Wendell ya fara rantsuwa yana neman kuka, koci ya girgiza kai ya ce ba mafita, dole ya bar garin yau. Ya bari sai da yaron ya sunkuyar da kai, sannan ya ce Iowa za shi, mataki na gaba. Wendell ya rungume ɗan sandan.

Muka yi shekara guda a Iowa. Na koya masa yadda ake karanta tsayuwar mai bugu, da yadda ake lallashin mai jifa in kansa ya ɗau zafi, da yadda ake zagin alƙalin wasa ba tare da an juyo an kalle shi ba. Yana kirana Baba Lonnie, yana ɗaukar mini jaka, har matata Darla ta fara ajiye masa kwano ranar Lahadi. Daga nan aka ɗaga mu zuwa Tennessee, kuma a can na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya.

A Tennessee jaridu suka fara rubuta sunansa. Bai yi girman kai ba, in faɗi gaskiya. Abin da ya faru shi ne wata rana a gaban masu jifa ya ce mini, cikin ladabi, jifan da na sa a yi wa wani mai bugu kuskure ne, ya buɗe littafinsa ya nuna mini. Kuma ya yi daidai. Da ya yi kuskure da na yafe masa. Hassada ta kama ni, ba wani suna da zan ba ta. Na ce bari in ɗan sauke shi.

A wancan zamanin ba wayar hannu, tarho ɗaya ne a bangon ɗakin sauya kaya. Direban bas ɗinmu, Rufus, yana da murya irin ta masu kuɗi, ko da yake ko takalmin kirki ba shi da shi. Na tura shi gidan mai na tsallaken titi ya bugo, ya ce shi ne shugaban babbar ƙungiyar da ta mallake mu, ana bukatar Wendell Purdy a babban lig gobe. Duk wanda ya san sana'armu ya san akwai iyaka: ana tsoratar da mutum da sharri a ba shi alheri, ba a yi masa ƙaryar alherin. Na sani sarai. Niyyata in bar shi ya yi tsalle na minti biyar in fasa ƙwan. Sai koci ya kira ni in je in cafe wa wani mai jifa da ake duba kafaɗarsa, minti biyar ya zama awa ɗaya, na manta shaf.

Kafin in dawo Wendell ya riga ya buga gida. Da muka gaya masa gaskiya ya sake bugawa, ba wanda ya ɗauka. Mahaifinsa ya rufe gareji, ya sanar da limamin cocinsu, ya ɗauki matarsa a tsohuwar motarsa sun kama hanya. Awa tara suka yi suna tuƙi. Washegari dattijon nan ya tsaya a tagar tikiti ta babban fili, sanye da kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita, yana cewa ɗansa ya bar masa kujera biyu, ma'aikaciyar tana duba takarda tana cewa ba ta san wani Purdy ba.

Na zaci Wendell zai kai mini naushi, kuma da na fi son haka. Bai ɗaga murya ba. Ya zo ya tsaya a gaban akwatin kayana ya ce:

"Daga yau, Varga, ko ka ce mini ana ruwa, sai na fita na jiƙe kafin in yarda."

Baba Lonnie ya mutu daga ranar. Na ba shi haƙuri, na rubuta wa iyayensa wasiƙa, Darla ta yi mako guda tana ajiye mini abinci ba magana. Aiki dai muka ci gaba da yi tare, don a fili ba ya wasa da sana'a. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. In aka ce bas zai tashi ƙarfe takwas, sai ya tambayi mutum uku. Da aka ɗaga mu zuwa Ohio, matakin ƙarshe kafin babban lig, bai yarda ba sai da ya ga sunan garin a allon bakin hanya.

Kocinmu a Ohio wani dattijo ne mai suna Hoyt, wanda muka taɓa wasa tare lokacin ina sabon shiga shi yana dab da ajiyewa. Wata Talata a watan Agusta, wajen sha biyun rana, muna zaune muna cin burodi da markaɗen gyaɗa, aka bugo wa Hoyt daga sama. Mai cafiyar babbar ƙungiya ya karye a yatsa, suna da wasa a Texas, kuma suna son mutum ya iso yau. Jirgi ɗaya ne zai kai shi a kan lokaci, na ƙarfe huɗu. Ba lokacin wasan kwaikwayo, saboda haka Hoyt ya kira Wendell ofis ya gaya masa gar da gar.

Ina jiyo su, don ƙofar a buɗe take. Wendell ya saurara har ƙarshe, ya leƙa bayan ƙofa, ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya ce ya gode, wannan karon an yi ƙoƙari. Ya fito ya koma kan burodinsa. Hoyt ya biyo shi yana rantsuwa da kabarin uwarsa. Wendell ya ce ai inda suka yi kuskure ke nan: da gaske ne da an fara tsorata shi kamar yadda aka saba, tun yaushe ake ba mutum labari mai daɗi haka tsirara? Maganar tasa kuwa tana kan hanya.

Sai Hoyt ya yi abin da ya ɗauka dabara ce. Ya buga wa shugaban babbar ƙungiya, na gasken, ya miƙa wa Wendell kan tarho. Wendell ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya ce:

"Rufus, muryarka ta tsufa. Yaya bas? Har yanzu birkin yana kuka?"

Ya ajiye tarhon. Tirƙashi. Wani mai jifa ɗan Venezuela ya yi alamar gicciye. Ba a yi minti ɗaya ba tarhon ofis ya sake ƙara, Hoyt ya shiga ya rufe ƙofa, muna jiyo shi yana ta yallaɓai, yallaɓai. Da ya fito gumi ya jiƙa masa riga, ya yafito ni da hannu.

Abin da shugaban ya ce ke nan: shi ba ruwansa da haukan yara, mai cafiya yake so a Texas yau. An ajiye tikiti ɗaya a kantar filin jirgi, za a rubuta sunan duk wanda ya je. In Purdy ya je, to. In bai je ba, a turo tsohon, wato ni. Hoyt ya faɗi haka yana kallon bango, sannan ya ƙara da ƙaramar murya:

"Ni dai na yi nawa, Lonnie. Kuma ban ce ka roƙe shi ba."

Na gane abin da yake nufi. Shekara goma sha biyu, kuma abin da kawai ake so in yi shi ne in yi shiru. Na ga kaina a filin nan mai mutum dubu arba'in, na ga Darla a gaban talabijin ɗin 'yar'uwarta tana nuna ni da yatsa. Na san ba zan wuce kwana goma ba za su gane ban iya bugu ba su dawo da ni. To sai me? Wanda ya yi kwana ɗaya a sama, har ya mutu sunansa yana cikin littafi.

Duk da haka na je na gwada, don kada zuciyata ta tuhume ni. Na zauna kusa da Wendell na ce wannan karon gaskiya ne, na rantse da 'ya'yana biyu. Matsalar ita ce fuskata. Allah ya yi ni da baki mai karkata gefe guda, ko a jana'iza sai a zaci wani abu nake ƙullawa. Wendell ya kalle ni ya ce saura in yi hawaye, zai ba ni maki tara cikin goma. Sauran 'yan wasa suka taso suna rantse masa ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yawan rantsuwar ya ƙara tabbatar masa cewa duka ɗakin na saya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in ji mutane, amma ga shi ni na ja ruwan, wani yake dokawa, ni kuma ana miƙo mini lema.

Ƙarfe biyu ta yi. Na ce wa kaina na fita haƙƙinsa. Na haɗa kayana a ɓoye, na fita ta ƙofar baya, na jefa jaka a mota, na tayar. Har na kai bakin ƙofar fita daga wurin ajiye motoci, mai gadi ya ɗaga mini sanda. Ba zan yi maka ƙaryar cewa wani haske ya sauko mini ba. Abin da ya zo mini kawai shi ne jaridar gobe a garejin Mista Purdy. Zai karanta cewa an kira ɗansa ya ƙi zuwa, ya zagi shugaba, wani Varga ya tafi a madadinsa. Kuma ya san sunan, don na taɓa rubuta masa wasiƙa. Mai gadi ya gaji da riƙe sanda ya tambaye ni ko fita zan yi ko kwana. Na zagi kaina, na zagi Wendell, na zagi Rufus da bas ɗinsa, na sa ribas.

A hanyar komawa ciki na yi tunani: gaskiya ta gaza a bakina, to bari in koma ga abin da na iya. Na sami Wendell yana shafa wa safar hannunsa ta cafiya mai. Na zauna, na waiga hagu da dama, na saki murmushin nan nawa gaba ɗaya.

"Shi ke nan, Ɗan Jami'a, ka kama mu," na ce. "Wasa ne. Amma ba ni na shirya ba, Hoyt ne. Kana so ka rama?"

Ya ɗago kai. Na shimfiɗa masa shirin: mu biyu ne kaɗai masu cafiya a ƙungiyar, kuma akwai wasa ƙarfe bakwai. Mu yi kamar ya yarda, ya haɗa kaya, in kai shi filin jirgi, mu bugo wa Hoyt daga can mu ce mun sayi tikiti mu biyu za mu hau, ni zan raka shi. Hoyt zai ga wasansa ya bar shi ba mai cafiya ko ɗaya, zai yi ta ihu a tarho yana roƙon mu dawo, mu kuwa mu sha lemo mu bar shi ya dahu. Na ga idon Wendell ya yi haske irin wanda rabona da gani tun Tennessee. Shekara guda ina gaya masa gaskiya yana ƙaryata ni, yau na yi masa ƙarya ya haɗiye har da lashe baki.

Ya taka rawarsa fiye da yadda na zata. Ya je ya rungume Hoyt yana kukan ƙarya, ya ce ya tuba, ya gode wa Allah. Hoyt ya kalle ni ta saman kafaɗarsa, na ɗan girgiza masa kai kada ya ce komai. 'Yan wasa suka yi ta tafi da gaske, Wendell yana ƙifta mini ido.

Tafiyar minti arba'in ce. Duk hanya yana gwada abin da zai faɗa a tarho, yana kwaikwayon muryar Hoyt, yana dariya har yana dukan gaban mota. Ya ce ashe tsokana da daɗi haka, shi ya sa na kasa bari. Ni dariyar ba ta zo mini ba sai ta dole. Jakata tana bayan mota kusa da tasa, kuma kada ka ɗauka na zama waliyyi: na riga na yanke cewa in muka je kanta ya tirje, ni zan hau, ba zan ko waiwaya ba. Rabin zuciyata addu'a yake ya tirje ɗin.

Muka isa uku da kwata. Na ɗauko jakata tare da tasa, ya ce na iya shiri, har da kayan bogi. Ya nufi tarhon bango, na riƙe hannunsa na ce mu fara zuwa kanta mu tambayi lambar jirgin, don in Hoyt ya tambaya kada mu yi in'ina. Ya ce haka ne.

Matar da ke kantar ta kai shekara sittin, da tabarau a ƙarshen hanci, da alama tun safe ba wanda ya faranta mata rai. Na faɗi sunan ƙungiyarmu na ce an ajiye tikiti na Texas. Ta danna na'urarta, ta ɗago.

"Purdy ko Varga? An ce ɗaya daga cikinku."

Wendell ya yi dariya ya ce ashe har ita na saya, nawa na ba ta? Ta sauke tabarau ta kalle shi tun daga hula har takalmi. Ta ce shekararta talatin da ɗaya a kan wannan kujera, ba ta san ni ba, ba ta fatan sanina, kuma akwai mutum goma sha huɗu a bayansa. Ta juyo masa da takardar ya gani da idonsa, da tambarin ƙungiya da komai, ta ce za a rufe ƙofa nan da minti ashirin.

Na ga dariyar ta zame daga fuskarsa a hankali. Ya karanta takardar sau biyu. Ya kalli jakarsa, ya kalli tawa, ya sunkuya ya zuge ta. Ya ga garkuwar ƙirjina, da takalmana, da rigar kirki ɗaya da nake da ita a ninke a sama.

"Wanda na yi magana da shi a tarho," ya ce, "ba Rufus ba ne?"

"Rufus yana Tennessee yana barci a ƙarƙashin bas."

Ya dafe kanta da hannu biyu. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba: "In ban hau ba, kai ne za ka hau."

Na ce ni ne.

Sai ya fara abin da na ji tsoro tun a mota. Ya ce shi yaro ne, za a sake kiran sa, ni kuwa shekara goma sha biyu, wannan ita ce ta farko kuma ita ce ta ƙarshe. Ya tura jakata gaba da ƙafa. Wallahi da ya ƙara minti ɗaya yana wannan magana da na karɓa. Shi ya sa na hau shi da faɗa. Na ce wa ya gaya masa za a sake kiran mutumin da ya tambayi shugaba labarin birki? Na ce ban yi shekara uku ina gyara masa tsuguno don ya zo ya yi mini sadaka a gaban mutane ba, kuma in yana son taimakona ya ɗauke wannan doguwar fuskar daga gabana. Wani mutum a layi ya ce a yi a gama, jama'a.

Matar ta ƙwanƙwasa biro a kan kanta ta sake tambayar suna. Wendell ya buɗe baki, na riga shi.

"Purdy," na ce.

Ta rubuta, ta buga hatimi, ta miƙo. Bai karɓa ba sai da na cusa masa a aljihun riga. Na raka shi har ƙofar shiga ina tura shi daga baya, ina gaya masa ya fara neman shugaban ya ba shi haƙuri kafin ya nemi banɗaki, kuma mai jifansu na yau ba ya son a riƙa zuwa masa da shawara a tsakiyar wasa. Ya juyo yana so ya ce wani abu. Na ce in ya yi mini kuka a nan zan gaya wa 'yan jarida labarin buroshin goge baki. Ya yi wata irin dariya mai haɗe da majina, ya shige.

Na tsaya a taga har jirgin ya ɗaga, don ban yarda da shi ba, kada ya sauko. Sannan na ɗauki jakata na koma mota, na daɗe ƙwarai a zaune a ciki kafin in tayar. Wendell Purdy ya yi shekara tara a babban lig. Ni ba a sake kirana ba, shekara biyu bayan haka gwiwata ta ce ta gaji, na koma sayar da tayoyi a shagon surukina. Ba zan ce ban yi nadama ba. Akwai ranakun da nake ɗaga taya in ce, kai Lonnie, wane irin sakarai ne kai.

Na iso filinmu saura rabin awa a fara wasa, rana ba ta faɗi ba tukuna. Hoyt yana tsaye a bakin ƙofa. Ya kalli jakar da ke hannuna, ya tambaya ko ya hau, na ce ya hau. Ya cire hularsa ya sosa kai ya mayar, ya ce in yi sauri in sa kaya.

Na ɗaura garkuwa, na fita na tsuguna a inda na saba. Mutum dubu biyu ne a fili, ana sayar da tsiren alade rabin kuɗi. Da na saukar da kwandon ƙarfen nan na kariya a kan fuskata, abin da na danne tun sha biyun rana ya ƙwace mini. Na yi kuka sosai, irin na ƙaramin yaro, ina baƙin ciki kuma ina jin daɗi, ban san wanne ya fi yawa ba. Ba mai ganin fuska a cikin kwandon. Amma mai jifanmu, ɗan Venezuelan nan, ya hango kafaɗuna suna rawa daga inda yake tsaye. Ya zaci dariya nake yi. Ya tsayar da wasa, ya cire hularsa ya leƙa cikinta, ya duba bayan wandonsa, ya ɗaga takalmansa ɗaya bayan ɗaya ya ga ko na manna masa wani abu. Alƙalin wasa ya tambaye ni me kuma na ƙulla yau. Na ce ba komai, na ja hanci, na nuna yatsa ɗaya, ya jefo.